Kunun Mutum Goma Sha Biyu

Inuwa ya zo daidai gonar raken su Abednego ya kau da kai, da niyyar ya wuce a kan mashin kamar bai ga kowa ba. Ina! Mama Rosaline, uwar Abednego, ta riga ta hango shi.

"Inuwa! Kullum kai ne na farko, Allah ya yi maka albarka. Sauran suna tafe?"

Ga bokiti biyu na kunun tsamiya a gindin mangwaro, ga dambu a kwanoni. Abincin mutum goma sha biyu ke nan, samarin gayyar Gubuchi, masu haɗuwa duk mako su sare wa ɗayansu rake. Yau ranar Abednego ce. Kuma Inuwa ya san babu mai zuwa.

A da, a bakin kasuwa suke yanke magana, ido da ido. Yanzu komai sai a guruf ɗin waya. Makon jiya Zayyad, shugabansu, ya dawo da gayyarsa daga Asabar zuwa Alhamis da saƙon murya guda ɗaya. Abednego bai je ba. Kafin la'asar magana ta kumbura: wai girman kai ne, wai tun da ya shiga kwaleji a Makarfi yake raina adda. Zayyad ya ce duk wanda ya yarda a cire Abednego daga gayyar ya tura alamar babban yatsa a guruf. Yatsu suka dinga faɗowa, har tara.

Inuwa kuwa ya sani sarai wayar Abednego ta faɗa rijiyar fadama tun Talata, a gabansa ma aka yi. Sau biyu ya rubuta haka, sau biyu ya goge. Tsoro ne kawai, wallahi, kada a juyo kansa. Ya danna nasa yatsan.

Abednego ya fito daga cikin rake, zufa sharkaf, yana washe baki.

"Mutumina! Motar masu saye da azahar za ta iso fa. Ina su Zayyad? Ka san ni yanzu ba waya, ban san abin da duniya ke ciki ba."

Inuwa ya ja shi gefe, ya gaya masa komai ƙasa-ƙasa. Murmushin ya gushe.

"Duka suka yarda?"

"Duka."

"Har kai?"

Inuwa ya sunkuya ya ɗauki adda, kunya kamar ta kashe shi.

Sai ga Mama Rosaline ta miƙo masa kofi cike taf.

"Sha da zafinsa, ɗana, kafin sauran su zo su shanye."