San Kalilu ya motsa

Shekara biyu ina gwada ruwan gishiri mai kauri a kan tumakin da suka zubar da jini, ina rubuta sakamako a takardun da ba mai karantawa. Ranar da na samu damar nuna aikina a bainar jama'a kuwa, da ma ban fito daga gida ba.

A bakin iyakar Jibiya ne, wajen da ake sauke dabbobi. Wani manomi daga Gangara, Kalilu, ya sayo san noma a Maraɗi. Garin saukowa daga mota, ƙarfe ya yanke san a cinya. Ko da na iso, jini ya jiƙa ƙasa, sa na kwance, kunnuwansa sun yi sanyi, dasashinsa fari fat. Mutane kuma sai sheƙa masa ruwan sanyi suke yi, wai ya farfaɗo. Na kore su da masifa, na ɗaure cinyar da rawanin wani, na nemo jijiyar wuya da ƙyar, na soka allura, na ɗaura masa ledar ruwan gishirin.

Kalilu na tsugune da wuƙa a hannu.

"Likita, in ya mutu hannunka mushe na. Ga damina ta taho, ba sa, ba nama."

"Malam Kalilu, minti goma kawai nake roƙo."

"To ai ko motsi bai yi. In na yanka shi hakanan, mutane cewa za su yi mushe na yanka."

Na ce to ya ajiye wuƙar. Ya ajiye.

Kafin minti goma, wallahi, dasashin ya fara ja. San ya ɗaga kai, ya kaɗa wutsiya, ya harba ƙafa. Daɗi ya kama ni kamar in yi rawa. Na ruga wajen babur ɗina in ɗauko leda ta biyu da zaren ɗinki.

Ina kwance igiyar akwati na ji kabbara.

Na dawo na tarar an gama, allurata na nan maƙale a wuyan. Cikin baƙin ciki na sunkuya na zare ta. Kalilu ya goge wuƙa, ya kama hannuna biyu-biyu.

"Allah shi yi maka albarka, likita. Kowa ya ga ya motsa, ba mai cewa komi yanzu. Cinya guda taka ce."