Ƙafar Kawu Idwal

A yi mini afuwa da na kutsa cikin masu rubutu, ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji. Abin da ya sami Kawu Idwal ne ya hana ni sakat.

Yana cikin goge takalminsa na dama, irin na masu haƙar kwal, matarsa Nerys ta gaya masa wai Gethin, sabon shugaban kulob ɗin ma'aikata, ya sayo sabon faifan garmaho daga birnin Cardiff. Idwal ya ajiye burushi.

Duk shekara gari kan taru a kulob a saurari faifan garmahon da samarin kwarinmu suka yi tun kafin a rufe ramin kwal, faifan da ya zaga duniya. Tsohon faifan kulob yana da karce a waƙa ta uku. Da allurar garmaho ta kai wurin sai ta maƙale, mawaƙin ya yi ta nanata rabin baiti, jama'a na binsa, har Idwal ya miƙe ya doka ƙafa a daɓen katako. Allura ta tsallake, jita ta ɓarke, a kaure da tafi. Idwal ba shi da murya, bai kuma taɓa buga ƙwallon zari-ruga ba. Ƙafar nan ce kaɗai ta sa ake ba shi kujerar gaba.

Ran taron da yamma ya tare Gethin a ƙofar kulob. Gethin ya yi ta yabon sabon faifan, wai har numfashin makaɗi ana ji, ya ƙara da cewa ai gwiwar Kawu ma tana bukatar hutu.

"Kai yaro," in ji Idwal, "ina dukan daɓen nan tun ubanka bai tsiro gemu ba."

"Zo ka zauna, tsoho," in ji Nerys, ta tura masa wainar zabibi a baki.

Ya zauna, ya cusa ƙafar ƙarƙashin kujera. Faifai ya tashi garau. Waƙa ta uku ta zo, mawaƙin ya wuce wurin karcen sumul, amma jama'a ba su wuce ba. Haka suka iya waƙar tun suna yara. Tsofaffi da matan ƙungiyar waƙar coci, har da Gethin kansa, suka tsaya kan rabin baitin suna ta nanatawa, faifai ya yi gaba ya bar su. Fuskoki suka yi ja. Mai sayar da nama ya fara tari, bai daina ba. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka juyo kujerar gaba.

Idwal ya cinye wainarsa a natse, ya karkaɗe gemu.

"Kawu, don girman Allah," in ji Gethin tsakanin nanatawa biyu.

Sai ya miƙe, ya ɗaga takalmin da ya sha goga, ya maka shi da ƙasa har kofuna suka yi tsalle. Jama'a suka kuɓuta. Allura kuwa ta zabura, ta ja karce a kan sabon faifan, ta je waƙa ta biyar ta maƙale.

Mawaƙin ya yi ta nanata sabon wuri, ba wanda ya iya binsa. Gethin ya dafe kai. Nerys ta duba takalmin hagu na mijinta, ta ce gobe sai a goge shi ma.

Ni dai na ɗauki laimata na sulale ta ƙofar kicin, ana ta neman wanda ya san baitin.