Ƙarin Kwanakin Allura

Likita ta daɗe tana kallon allon na'urar hoton ciki kafin ta juyo shi wajen Ummusalma. Baƙaƙen ɗigo ne kawai, kamar an watsa gujiya a faifai.

"Ƙwayayenki na girma, amma a hankali. Idan muka ciro su yanzu ba su nuna ba, wahalar banza muka yi. Za ki ci gaba da allura."

"Har yaushe?"

"Sai sun kai. Ki dawo ranar Alhamis mu duba."

Shekara sha ɗaya da aurenta ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Da za a fara, an ce mata yawancin mata kwana goma suke yi suna allurar, sannan a ciro ƙwan a haɗa da na miji a mayar mahaifa. Ita ta wuce haka, fatar cikinta duk ta yi tabo.

Mijinta Halilu direba ne, yana jigila tsakanin Gusau da Ƙaura Namoda. A motarsa suka koma, cike da fasinja, don haka bai tanka ba sai a gida, da ya ga ta buɗe kular ƙanƙara tana ciro kwalbar magani.

"Ummu, Assabar hwa bikin ƙanwarki Firdausi. Can garinku Dauran ake jiranki tun Alhamis."

"Na sani, Malam."

"Ni manomi ne kahin in zama direba. In dawa ta noƙe taki aka ƙara mata. Ki haɗa allurar yau da ta gobe, mu gama da wuri."

Ta ja ruwan maganin daidai inda nas ta nuna mata, ta ɗaga sirinjin wajen haske.

"Shekarar da ka cika ma gonarka ta bakin rafi taki, mi ka girbe?"

Ya sosa ƙeya. "Ƙonewa ta yi."

"To ni ba a sake shuka ni baɗi."

"Na ji. Amma mi za ki ce ma Inna?"

Nan ne gizo ke saƙa a ranta tun daga Gusau. Inna, mahaifiyarta, ba ta san da maganar ba. Ummusalma 'yar fari ce, tsakaninta da mahaifiyarta gaisuwa ce da sunkuyar da kai. Ba su taɓa zancen haihuwa ba ko da wasa. Ta caka allurar, ta danne wurin da auduga, sannan ta ɗauki waya ta kira Gwaggo Zuwaira, ƙanwar mahaifinta, wadda ta goye ta.

"Ba ki zuwa? Ke da za ki kai amarya ɗaki?" Muryar Gwaggo har Halilu yana ji daga bakin ƙofa. "Kin san bakin mutanen garin ga. Cewa za su yi kina baƙin ciki ƙanwa za ta riga ki goyo."

"Su ce."

Ta yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga allurar farko.

"Ƙwai kuma? Ke kaza ce?"

"Kazar ma sai ƙwai ya ƙosa take sakin shi, Gwaggo."

"Wanga ba shi ne ɗan kwalba da aka faɗi ba?"

"Ba kwalba. Nawa ne da na Malam, kuma ni zan ɗauki cikin in Allah Ya yarda."

Ta wayar ana jin ƙarar daka da ake yi a tsakar gidan biki.

"To, ɗiyata. Sai in ce ma uwarki zazzaɓi ya kama ki."

"A'a. Faɗa mata yadda na faɗa maki. Na gaji da ɓoyo."

Ranar Alhamis da safe Halilu ya ɗaure tukwanen gudummawa a motar wani abokinsa mai zuwa Dauran, su kuma suka nufi Gusau.

Likita ta auna ɗigon ɗaya bayan ɗaya, tana kiran lambobi nas na rubutawa. Biyu sun tsaya a baya, sauran sun cika.

"Jinkirin bai ɓata komai ba, sun kai. Yau za ki yi allurar ƙarshe, jibi Asabar mu ciro su. Ranar ba ta ɗaguwa. Kina da wani uzuri?"

Halilu ya dube ta. Ummusalma ta sauko daga gadon, ta gyara hijabinta.

"Ba ni da shi, Likita. Da wace sa'a zan zo?"