Rijiyar da Ke Bayan Gulma

Malam Abdulmuhaimin yana koyar da tarihi a wata sakandare a Birnin Kebbi. A shekarar da aka ba Kebbi jiha ya sayi keke mai kaurin taya, ya ɗaura masa jakar fata a baya, ya riƙa fita duk Asabar yana bin hanyoyin burji da na fadama, yana tambayar tsofaffi labarin garuruwansu yana rubutawa. Matarsa Rauda ta ce wata rana zai tambayi abin da ba a so a tambaya. Dariya kawai ya yi.

Ran nan ya bar unguwarsu Badariya da asuba, ya kai Argungu da hantsi, aka ƙetare da shi ruwa a jirgi har da keken. Daga nan ya bi gonakin shinkafa zuwa wani ƙauyen masunta a bayan Gulma, inda aka ce masa akwai kufai da tsohuwar rijiya da aka binne.

A gindin wata tsamiya ya tarar da wani tsoho mai tsagen Kabawa yana ɗinke komar kamun kifi. Hodi sunansa. Kusa da shi ɗansa Tamba, ƙato mai kusan shekara arba'in, yana fiƙe sanda da wuƙa. Malam ya yi sallama, ya jingine keken, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Daga ina ka hito?" in ji Hodi, bai ɗago kai ba.

"Daga Birnin Kebbi, Baba."

"Ɗan wane gida?"

Malam ya faɗi sunan mahaifinsa, ya ƙara da na kakan kakansa Albashir, wanda ya yi suna a yaƙi da Kabawa, don a gida da alfahari ake ambatonsa. Allurar da ke hannun tsohon ta tsaya.

"Albashir mai farin doki?"

"Haka muke ji."

"To ga rijiyarka can. Shi yac cika ta. Mutanenmu goma sha bakwai na ciki, har da mata. Rani da damina ba mu noma wurin. Yanzu kuma kun samu hedikwata, kun aiko jika da alƙalami shi auna abin da yar rage."

"Baba, ba gwamnati ta aiko ni ba. Malamin makaranta ne ni."

"Mi kaka hwaɗa ma yara bisa gare mu?"

Malam ya san abin da ke cikin littafin da yake karantarwa, babu alherin Kabawa a ciki. Sai zuciya ta ɗebe shi. Ya ce ai yaƙi ba ɓangare ɗaya ke yin sa ba, ko a gidansu akwai wata Inno da mahayan Kabi suka kama tana ɗaukar ruwa, har yau ba a san kabarinta ba.

Tamba ya miƙe. "A gaban ubana kaka hwaɗin haka?"

"Zamna," in ji Hodi. Ya dubi Malam. "Hito da takardarka. Rubuta sunayensu, kamar yadda ni ka hwaɗi."

Malam ya durƙusa ya rubuta. Tsohon ya jero su ɗaya bayan ɗaya, da sunan uwa da na uba, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya kai na sha bakwai ya ce, "Tashi ka tahi. Ruwanmu ba ka sha, kuma kar ka komo."

Da Malam ya juya, sai ya ga Tamba tsaye kusa da keken, tayar baya kuwa ta kwanta. An tsaga ta tun daga sama har bakin ƙarfe. Tamba ya goge wuƙar a wandonsa yana kallonsa ido cikin ido. Malam ya so ya yi magana, ya ga mutane sun fara fitowa daga bukkoki, sai ya kama kan keken ya tura.

Cikin rana tsaka ya taka har Gulma, maƙogwaro a bushe. Mai faci ya juya tayar, ya tura yatsa uku cikin tsagar.

"Mi yay yi wannan?"

"Ƙaya ce."

Mai facin ya dube shi, ya dubi hanyar da ya fito. "Wagga ba ta facuwa, Malam. Sai sabuwa, kuma sai Argungu."

A bayan motar albasa ya koma gida, keken a kan cinyarsa. Ranar Litinin ya shiga aji, ya rubuta sunaye goma sha bakwai a allo, ya tsaya yana kallonsu. Sannan ya ƙara Inno a ƙasa, ya ce wa ɗalibai su kwafa.