Wayar da Tanimu Ya Riƙe

Gide bakanike yana tsakiyar cin ɗumame aka aiko daga gidan Alhaji Sanusi, wai mota ta ƙi tashi. Abin ya ba shi mamaki. Motar ko wata biyu ba ta yi ba, kujerunta ma ba a cire musu leda ba. Shekarun nan ne da kwangila ta buɗe, mai tallar goro jiya ya wayi gari da babbar riga da mota, kuma duk Damari in ba ranar kasuwa ba, ta Alhaji ce kaɗai mota.

Gide ya tarar da taro a ƙofar gida. Ga Tanimu, wani Bamaguje daga ƙetaren rafi, tsugune ba hula, ƙafafu duk taɓo. Matarsa Asibi ta kwana biyu tana naƙuda, jini ya ɓalle, ungozoma ta ce sai asibitin Funtuwa.

"Na ce a kai ta, kowa shaida ne," in ji Alhaji, da ƙarfi yadda na baya za su ji. "Amma ga abin da mota ta yi mani. Diba man ita, Gide."

Gide ya murɗa makulli. Inji na juyawa lafiya lau, batir da ƙarfinsa, amma ta ƙi kamawa. Ya leƙa kabireta, fetur na zuwa. To, wuta ce babu. Ya zare wayar fulogi ɗaya ya nemi mai riƙewa, don haka ake gwajin: mutum ya kama bakin wayar, in da wuta ta fizge shi har kafaɗa. Kowa ya ja da baya. Tanimu ya yi wuf ya damƙe da hannu biyu.

"In ta ja ka, ka hwaɗi," Gide ya ce masa.

"Ta ja ni ta kashe, Malam Gide, in dai ta tashi."

Gide ya murɗa, wuta ba ta zo ba. Ya gwada kwayil, wuta tar. Saura distirbuta ke nan. Ya ɓalle murfinta, ya leƙa ciki. Rota, ɗan abin nan da bai fi babban yatsa ba, wanda ke rarraba wa fulogai wuta, babu shi. Rota kuwa ba ya fita yawo da kansa.

Ya ɗaga kai. Alhaji na kallonsa ido cikin ido, hannu ɗaya a aljihu, sannan ya ɗan karkata ido ga kujerun nan masu leda. Gide ya gane sarai. Mutumin ba ya son jini a motarsa, ba ya kuma son a ce ya hana.

Rumfar da Gide ke aiki a filin Alhaji take. Wannan kawai ya tuna, ya mayar da murfi. Abin kunya, ya shiga kwance fulogai ɗaya bayan ɗaya, yana gogewa, yana hurawa, yana girgiza kai kamar mai aikin gaske. Rana ta take. Tanimu bai saki wayar ba, gumi na ɗiga daga haɓarsa, duk murɗawa sai ya runtse ido yana jiran zafin da bai zo ba.

Wajen azahar aka hango Rakiya, uwar Tanimu, tana tahowa daga rafi. Ba gudu take ba, tafiya take a hankali, hannu bisa kai. Alhaji ne ya fara ganinta. Ya matso kamar mai leƙen inji, ya saka wa Gide rota a tafin hannu.

"Ƙara diba wurin can," ya ce.

Gide ya sa, ya rufe, ya murɗa. Wuta ta wurgar da Tanimu ƙasa, inji ya kama da ruri. Ya miƙe yana dariya, yana yarfe hannu.

"Ta ja ni! Wallahi ta ja ni! Ku zo mu ɗauko ta!"

Ba wanda ya motsa. Ya bi idanun mutane ya waiwaya, ya ga uwarsa tsaye a bayansa.

"Ikon Allah," in ji Alhaji. "Da Asibi ta ƙara haƙuri kaɗan, da an kai ta da rai. Gide, kashe motar kada mai shi ƙone a banza. Ka goge man inda ya dahwa."

Gide ya ciro tsumma ya goge.