Ƙofar da Nake Bin Ɗan Ƙanwata

Ƙofa ɗaya nake bin ɗan ƙanwata, irin wadda in ka buɗe ta ƙafarka za ta taka titi. Ni ban taɓa zama a aji ba, amma tun ina amarya ba a taɓa cin mini ko allura na manta ba, ni ma ban ci ta kowa na kwana da ita ba. Wannan ce kaɗai ta gagare ni karɓowa.

Yaron mai zanen gidaje ne. Uwarsa ta rasu yana rarrafe, a bayana ya yi wayo. Yanzu kowa Injiniya yake ce masa, ni kuwa har gobe Kunnuwa nake kiransa, don sun riga shi girma.

Gidanmu na da a bakin titi yake. Maigidana tela ne, kekensa na ɗinki a bakin ƙofa ya tsufa. Da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannu ya tafi, ƙafa ta tafi, baki ya karkace, amma ƙofar tana nan. Kullum da safe in wanke shi, in ɗora shi a kujerarsa mai taya, in tura shi bakin ƙofa. Mai faci ya fito ya ce, "Tela, har yau ba ka gama mini wandon nan ba?" Shi kuma ya ɗaga hannun mai lafiya ya yi masa daƙuwa, suna dariya. Mai jarida ya tsaya, 'yan makaranta su gaishe shi. Abin da nake ba shi a kwano ɗan kaɗan yake ci. Abin da ke riƙe da shi a bakin ƙofar nan yake.

Sai wani kamfani ya zo yana sayen gidajen layinmu, wai zai gina dogon bene na haya da sayarwa. Maƙwabta suka karɓi kuɗi suka watse bayan gari. Ni na ce kuɗi ruwa ne a tafin hannu, gida nake so a madadin gida, kuma a nan inda nake. Aka rushe na dama, aka rushe na hagu, namu ya rage tsaye kamar haƙorin tsohuwa.

Ashe Kunnuwa kamfanin ya ɗauka ya zana musu ginin. Ya zo ya durƙusa ya ce, "Inna, sun yarda. Za a ba ki gida a cikin sabon ginin." Ya fara warware wata takarda mai layi-layi.

Na ce, "Naɗe abarka. Ni ba na sayen akuya a takarda. Sai na shiga da ƙafata."

Ya yi dariya ya ce in ba shi wata biyu.

Kafin a haƙa ramin ginin ma, sai ga gida ya tashi a kusurwar filin, da fenti da labule da kujeru. Ya zo ya ɗauke ni. Ban shiga da wasa ba. Na auna faɗin ƙofofi da mayafina, na ga kujerar Tela za ta wuce. Na murɗa famfo, ba ruwa. Na ƙwanƙwasa bango, ya amsa kamar ganga.

"Wannan fa?"

"Ai ba a haɗa komai ba tukuna, Inna."

"Haka nawa zai zama?"

"Haka ɗin nan. Ba ragi, ba ƙari."

Na tsaya a ƙofar falo na duba waje. Ga titi, ga rumfar mai faci a tsallake, taku kaɗan. Na sa babbar 'yata ta karanta mini takardar yarjejeniya, ɗakuna suka yi daidai, banɗaki ya yi daidai. Na dangwala yatsa.

Kamfanin ya kama mana ɗaki biyu a tsallaken titi, aka rushe gidanmu. Tela bai yi kuka ba, don ya samu abin kallo. Motocin siminti suna shiga suna fita, injin ɗaga kaya yana juyi a sama da rodi a bakinsa, leburori masu hular kwano suna gaishe shi safe da yamma. Hawa yana hawa kan hawa har rana ta daina shigo mana da safe. Ni kuwa idona yana kan gidana na kusurwa. Abin da ke ba ni haushi, kullum sai an zo da wasu masu manyan motoci an shiga da su, su zauna mini a kujeru. Na ce wa mai gadin filin, "Ku daina shigar mini da baƙi, za su kashe mini ƙasan ɗaki." Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Na ce a raina baƙin ciki ne.

Wata safiya ina shanya na ga mutum huɗu a kan gidan da abin kwance ƙusa. Suka ɗaga rufin. Suka zare bango ɗaya suka jingine, ashe katako ne. Kafin azahar sun loda gidana kaf a bayan mota, har da ƙofar.

Ko takalmi ban sa daidai ba na nufi ofishinsu, wani akwatin ƙarfe mai sanyi a bakin filin. Kunnuwa yana ciki da abokan aikinsa, sun duƙufa a kan teburi.

"Kunnuwa, ina gidana?"

"Wane gida, Inna?"

"Wanda aka tafi da shi a mota kamar kayan amarya."

Ya dube ni, ya dubi taga, sai na ga fuskarsa ta sauya. Ya ce, "Inna, wancan ai samfuri ne, na nuni. Kowane gini haka muke yi, don mai saye ya ga abin da zai saya. Ta wurin ne hanyar motoci za ta bi zuwa ƙarƙashin ƙasa. Naki yana hawa na goma sha ɗaya."

"Sama?"

"Wallahi na ɗauka kin sani. Kowa ya sani."

"Kowa a cikin akwatin nan naku. Ni da na yi maka tsarki ban sani ba. Ka gan ni tsaye a ƙofar nan ina kallon titi, me ka ɗauka nake kallo?"

Abokan aikinsa suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na ce to, a ba ni na ƙasa. Ya buɗe takardarsa yana nuna mini da ɗan yatsa: nan motoci, nan janareto, nan tankunan ruwa, nan shaguna. Babu gidan mutum ko ɗaya a ƙasa. Ya zana wa mota wurin kwana a ƙasa, ya kai kawunsa gurgu kusa da gajimare. Na faɗa masa haka. Ya je wurin manyansa ya nemi ko hawa na biyu, suka ce duk an sayar tun ginin yana rami.

Muka tare. Gaskiya bai yi mini ƙarya ba, gidan shi ne sak, har launin bango. Sai dai in ka buɗe ƙofa, wani dogon lungu ne mai fitila, da ƙofar wasu a gabanka, kullum a kulle. Har yau ban san ko su wane ne ba, sai ƙarar makullinsu.

Da fari ban karaya ba. Akwai lif, wannan ɗakin ƙarfen da ke hawa da sauka. Kullum in tura Tela mu sauka. Amma a ƙasan babu wurin zama. Gilashi ne, sai katanga, sai get. Na ajiye shi a bakin shiga, mai gadi ya zo yana sosa ƙeya.

"Mama, masu gini sun hana zama a nan."

"Zaune ka gan shi ko ajiye?"

"Mama, aikina za ki ci."

Na fita da shi wajen get, can kuma ba inuwa, motoci suna fitowa daga ramin nan suna yi mana hon. Rumfar mai faci an tashe ta, wai tana ɓata fuskar gini, ya koma can bayan layi. Duk da haka muna sauka, ko na ɗan lokaci ne.

Sai ranar da aka ɗauke wuta muna cikin lif. Ya tsaya tsakanin hawa biyu, duhu, ba iska. Janareto ya ƙi tashi. Ina jin numfashin Tela yana sama-sama, ina riƙe da kansa ina ce masa yanzu za a buɗe. Da aka buɗe, ya jiƙa wandonsa, ga matasa tsaye da wayoyi suna haska mu. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana ɗinka wa mutane sutura. Tun daga ranar, in na nufi ƙofa da shi sai ya kama bakin ƙofar da hannun mai lafiya ya riƙe gam.

Na mayar da shi taga. Tagar ma ba ta buɗewa sai kamar tafin hannu, wai don kada yara su faɗo. Daga nan mutane kamar ƙwarƙwata suke. Ya kan ga wani ya ɗaga hannu, ya yi ta ƙoƙarin kira, ba mai ɗago kai. Mai faci ya hawo sau ɗaya, ya zauna a bakin kujera kamar a asibiti, ya rasa abin tsokana. Ya ce zai dawo.

Tela ya rame. Kwanon da nake kai masa haka nake ɗauko shi.

Shekaranjiya Kunnuwa ya zo da wata takardar a naɗe. Ya durƙusa ya shimfiɗa ta a ƙasa. Wani sabon bene ne za su gina a wata unguwa. Ya ce ya yi faɗa da manyansa har sun yarda ya sa gidaje huɗu a ƙasa, kowanne da ƙofa a titi da ɗan wurin zama.

"Na farkon naki ne, Inna. Na rantse."

"Yaushe?"

"Shekara uku, in kuɗi sun fito."

Na kama kunnen nan nasa na juya kansa wajen taga. "Dubi kawunka da kyau. Kai mai lissafi ne. Shekara uku ka gani a jikinsa?"

Ya sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga a kan zanen. Tela ya motsa baki, ni kaɗai nake gane maganarsa yanzu. Cewa ya yi in yafe wa yaro.

Na ce, "Kai ka yafe naka. Nawa yana nan."

Na zuba wa Kunnuwa abinci, don ɗana ne, ya ci kaɗan ya tafi ya bar takardar. Tana da faɗi da kauri. Na manna ta a tagar, don rana tana dukan Tela da yamma, kuma ya daina kallon ƙasa.