Kalma Ɗaya Ta Rage wa Baba Doka

A bayan idonsa ake kiransa Baba Doka, kuma sunan ya bi shi. Dattijon ikilisiya ne da bai taɓa makara sujada ba, ashar kuwa ba ta wucewa ta gabansa ta sha. Jikokinsa in sun ji takunsa har rediyo suke kashewa. Ranar jibin Ubangiji, wato ranar da ake karɓar gurasa mai tsarki a coci, shi ke tsayawa gefen teburi yana zare ido, duk wanda ya san bai cancanta ba sai ya sha jinin jikinsa ya koma kujera.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a banɗaki. Ya tsira da rai, amma magana ta tafi. Kalma ɗaya tak ta rage a bakinsa, ita ma zagi ce.

"Baba, in kawo ruwa?" in ji surukarsa.

"Shege!"

"Maigida, sannu da jiki," in ji matarsa.

"Shege!"

Likita ya ce haka ciwon ke yi wa wasu, ba laifinsa ba ne. Baba Doka bai yarda ba. A ganinsa ƙazantar tana ciki tun fil'azal, ciwo murfi kawai ya ɗage. Tsoro ya kama shi ƙwarai. Da wane baki zai tuba? Ya saddaƙar ceto ya kuɓuce masa.

Ran Lahadi da rana fasto ya kawo masa jibin Ubangiji har ɗaki. Ya ture kwalaben magani gefe, ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan kujerar roba, ya ajiye gurasa da ƙoƙon ruwan inabi. Baba Doka ya juya fuska bango. Ya tattara duk ƙarfinsa don ya ce bai cancanta ba.

"Shege!"

Matarsa ta dafe kai. Surukar ta rasa inda za ta sa idonta. Fasto ko gezau.

"Ubangiji ya ji, Baba. Ya kuma ji abin da kake son faɗa. Gaskiyarka, ba ka cancanta ba, ni ma haka. Doka ta nuna mana ciwon, amma ba ita ke warkarwa ba. Wannan alheri ne, kyauta ake bayarwa. Buɗe bakin."

Da yake ba ya iya tauna, fasto ya jiƙa gurasar a ƙoƙo, ya ɗora masa a kan harshen da ya gama zagi yanzun nan. Baba Doka ya rufe ido yana jiran ta shaƙe shi.

Ta wuce lafiya lau.

Tsigar jikinsa ta tashi, har a ɓarin da ya mutu sai da ya ji kamar an taɓa shi. Mamaki ya cika shi, ya fashe da kuka. Bai yi komai ba, bai ce ko Amin ba, aka karɓe shi.